Tsakanin Haɓa da Hanci: Yadda Allon Zamiya Ya Sami Siffarsa

A shagunan haya da ke gindin duwatsun Amurka da Turai akwai wata tsohuwar al'ada. Idan baƙo ya shigo neman allon zamiya, sai yaron shago ya jawo ɗaya ya tsayar a gabansa, wutsiya a ƙasa, hanci a sama. In kan allon ya tsaya wani wuri tsakanin haɓar mutum da hancinsa, magana ta ƙare. A biya, a fita. Da wannan awo aka sallami dubban mutane shekara da shekaru, kuma har gobe akwai masu yin sa. Amma su masu ƙera allon sun daɗe da juya masa baya. Jadawalin da suke bugawa yanzu abu biyu yake fara tambaya: nauyinka nawa, takalminka lamba nawa? Dalilinsu a fili yake. Allo bai san tsawon mai shi ba, nauyin da ke danne shi kawai yake ji.

Mu da akasarinmu a allon waya kaɗai muka taɓa ganin dusar ƙanƙara, muna iya ɗaukar wannan a matsayin gardamar da ba ta shafe mu ba. Sai dai in muka bi ta a hankali, za mu tarar da labarin wani abin wasan yara da ya yi shekaru ana korarsa daga kan duwatsu, ya yi ta sauya jiki don a bar shi ya shiga, sannan da ya sami shiga ya koma neman siffarsa ta asali. Kowane lanƙwasa a jikin allon nan yana da shekarar da aka yi shi, da wanda ya yi, da irin ƙasar da ta tilasta masa. Wanda ya san wannan tarihin ya san abin da zai saya. Wanda bai sani ba kuwa, galibi wuyan hannunsa ne ke biyan kuɗin, domin karayar wuyan hannu na cikin raunukan da aka fi sani ga masu koyon wannan wasa.

Kirsimetin 1965

A garin Muskegon na jihar Michigan, ranar Kirsimeti ta 1965, wani injiniya mai suna Sherman Poppen yana neman dabarar da zai fitar da 'ya'yansa mata biyu daga cikin gida, don matarsa mai tsohon ciki ta huta. Sai ya ɗauki siki biyu na yara, wato dogayen katakan nan sirara da ake ɗaura wa kowace ƙafa ɗaya, ya haɗe su wuri guda suka zama faifai ɗaya. Yaran suka hau a tsaye, suka gangaro daga tudun da ke bayan gida. Daga baya aka ɗaura igiya a hancin abin don a riƙe. Matarsa ce ta raɗa masa suna Snurfer, ta hanyar haɗa kalmar dusar ƙanƙara da ta hawan igiyar ruwa a Turanci. A 1966 kamfanin Brunswick ya karɓi lasisin ƙera shi, kuma cikin shekaru goma aka sayar da kusan miliyan ɗaya.

Ba Poppen ne ɗan Adam na farko da ya tsaya a karkace a kan katako ya gangaro ba. A ƙauyen Petran da ke tsaunukan lardin Rize na Turkiyya, mutane sun gaji irin wannan hawa kaka da kakanni, a kan faffaɗan katako mai igiya a gaba, da sanda a hannu don juya akala. Abin da Poppen ya yi shi ne ya kai abin kasuwa, ya sa shi a hannun yara masu yawa a lokaci guda.

Snurfer ya ɗan haura mita ɗaya a tsayi, faɗinsa kuwa bai kai tsawon tafin ƙafar babba ba. Ba shi da maɗaurin ƙafa, ba shi da ƙarfe a gefe. Girma ɗaya ne ga kowa, yaro da babba, mai ƙiba da siriri. Tambayar da muka buɗe da ita ba ta ma taso ba tukuna, tunda babu zaɓi. A kan dusa mai laushi yana tafiya lafiya lau. Da zarar ƙasa ta daskare ta yi tauri, sai ya zama doki marar linzami.

Maza uku, ƙasa uku

Yaran da suka taso da wannan wasa su ne suka mayar da shi sana'a, kuma kowanne ya ƙera allonsa daidai da ƙasar da yake takawa. Kowane tsuntsu dai kukan gidansu yake yi.

Dimitrije Milovich ya bar karatu a Jami'ar Cornell ya koma jihar Utah a 1972, inda dusar ƙanƙara ke sauka busasshiya, mai zurfi, kamar garin da aka tankaɗe. A can ya kafa Winterstick. Matsalarsa ita ce nutsewa, don haka ya ari dabarar masu hawan igiyar ruwa: hanci mai faɗi da tsini, wutsiya a tsage biyu irin ta tsattsewa. Tsagar nan tana rage wa bayan allon faɗi, sai bayan ya ɗan nutse, gaban ya ɗaga sama da kansa. Duk wanda ya lura da yadda tafin raƙumi ke baje wa a kan rairayi inda kofaton doki ke lumewa ya fahimci rabin hikimar. Ɗaya rabin shi ne a sa faɗin a gaba, a rage shi a baya.

Tom Sims kuwa tun 1963, yana ɗan makaranta a Haddonfield ta jihar New Jersey, ya sassaƙa nasa allon a ajin koyon kafinta. Daga baya ya koma Kalifoniya ya yi suna wajen ƙera allo mai tayoyi da matasa ke zamiya da shi a kan siminti. Shi tunaninsa tsalle ne da juyi da wasa da jiki a iska. Shi ne ma ya hau allo a madadin Roger Moore a fim ɗin James Bond na 1985, abin da ya nuna wa miliyoyin masu kallo wannan wasa karo na farko.

Na uku shi ne Jake Burton Carpenter, wanda ya sami Snurfer yana ɗan shekara 14. A 1977 ya ajiye aikin ofis a New York ya tare a Londonderry ta jihar Vermont, yana ƙera alluna da rana, yana aikin mashaya da dare don ya ci abinci. A shekarar farko ta ciniki alluna kusan 300 kawai ya sayar. A 1979 ya je gasar Snurfer a Pando, kusa da Grand Rapids, ɗauke da allo mai maɗaurin ƙafa. 'Yan gasar suka ce sam wannan ba Snurfer ba ne. Aka yi ta ja-in-ja, a ƙarshe aka buɗe masa rukuni na daban, ya shiga shi kaɗai, ya kuma lashe. Abin dariya ne a ranar, amma maɗaurin nan shi ya raba abin wasa da kayan aiki. Da ƙafa ta manne da allo, sai ya zama mutum na iya karkata shi da yatsu ko da diddige, igiyar hanci kuma ta zama ba ta da sauran amfani.

Vermont ba Utah ba ce. Dusar gabashin Amurka jiƙaƙƙiya ce, tana narkewa da rana ta daskare da dare. Wannan ƙasa mai tauri ita ce ta tura Burton zuwa mataki na gaba.

Ƙarfe a gefe: kuɗin shiga dutse

A farkon shekarun 1980 kusan duk wuraren wasan siki na Amurka sun hana masu allo hawa kujerun da ke kai mutane ƙololuwar dutse. Masu wuraren suna cewa allon ba ya tsayawa in an so ya tsaya, kuma kamfanonin inshora ba za su lamunta ba. Akwai raini a ciki, domin masu siki manya ne masu hali, masu allo kuwa matasa ne da ake wa kallon 'yan tasha. Amma akwai gaskiya ma. Allon katako mai ƙaramin reshe a ƙasa irin na jirgin ruwa ba shi da abin da zai kama daskararriyar ƙasa da shi.

Dutsen Stratton na Vermont ya buɗe ƙofa a 1983, kuma sai da aka riƙa yi wa masu allo jarrabawa kafin a bar su su hau sama. Don a ci irin wannan jarrabawa, dole allon ya koyi darasi daga abokin gabarsa. Zuwa tsakiyar shekarun 1980, Burton da Sims duka sun fitar da alluna masu bakin ƙarfe a gefe da santsin roba a ƙasa, irin na siki. Burton ma Ostiriya ya nufa, inda masana'antun siki suke, har ya buɗe ofishi a Innsbruck a 1985. A daidai lokacin ne kuma aka ƙara wa maɗauri dogon baya mai tokare ƙwauri, dabarar da ake jingina wa Jeff Grell, wadda ta ba diddige ƙarfin danna gefen baya.

Abubuwa biyu allon ya aro daga siki, kuma sai mun fahimce su za mu gane dalilin mutuwar awon haɓa.

Na farko shi ne ƙugu. In muka kalli allon daga sama, za mu ga hanci da wutsiya sun fi tsakiya faɗi, gefen ya shiga ciki kamar jikin kalangu. Wannan shigar yanki ce ta wani babban da'ira, wanda a allunan yau da kullum nisan tsakiyarsa zuwa bakinsa yakan kama mita 7 zuwa 9. Idan mai hawa ya karkata allon a kan gefe ɗaya, hanci da wutsiya ne ke fara taɓa ƙasa, tsakiya na rataye. Nauyinsa ne zai lanƙwasa tsakiyar har ta sauka, a nan ne bakin ƙarfen ke zama baka, allon kuma ya bi bakan ya yi kwana. Ƙugu mai zurfi yana ba da gajeriyar kwana, marar zurfi yana ba da doguwa.

Na biyu shi ne doro. In aka ajiye allon a ƙasa ba kowa a kai, tsakiyarsa a ɗage take, wurare biyu ne kawai kusa da hanci da wutsiya ke taɓa ƙasa. Da mutum ya hau, doron ya baje, nauyin ya rarrabu tun daga gaba har baya, ƙarfen ya ciji ƙanƙara da tsawonsa duka.

Ashe ke nan allon baka ne, mai hawa kuma shi ne hannun da ke ja. Siririn mutum dogo, in aka ba shi dogon allo mai tauri saboda ya kai masa haɓa, ba zai iya lanƙwasa shi ba, allon zai miƙe da shi inda ba ya so. Gajere mai jiki, in aka ba shi ɗan ƙaramin allo mai laushi, zai murƙushe shi, allon ya yi ta karkarwa in an yi gudu, ya suɓuce a kwana. Awon haɓa yana aiki ne kawai ga wanda tsayinsa da nauyinsa suka yi daidai da na matsakaicin mutumin da masana'anta ta ƙiyasta. Sauran jama'a kuwa sai dai sa'a.

Tagwaye, mata, da masu manyan ƙafafu

A gefen Kalifoniya wata siffar ce ke tasowa. A ƙarshen shekarun 1970 wasu 'yan makaranta sun gano wani ɗan kwari kusa da juji a Tahoe City, suka riƙa hawa bangonsa suna tashi sama kamar yadda ake yi da allo mai tayoyi. A 1983 Tom Sims ya shirya gasa a Soda Springs, ya sa irin wannan kwari mai kama da rabin bututu a cikinta, mutanen Burton da suka saba da tsere suna ta gunaguni. Mai juyi a iska yakan sauka da baya, allo mai wutsiya a miƙe kuwa in ya sauka da baya sai ya soki ƙasa. Saboda haka a tsakiyar shekarun 1980 Sims ya fitar da allo da sunan Terry Kidwell, mai zagayayyiyar wutsiya da ta ɗaga sama. Kafin shekarun su ƙare, Chuck Barfoot ya kai tunanin ƙarshensa: allo tagwaye, wanda gabansa da bayansa ɗaya suke, maɗaurai a tsakiya cif.

A Turai kuma akasin haka ake ciki. Fim ɗin Apocalypse Snow da aka ɗauka a Les Arcs ta Faransa a 1983, tare da Régis Rolland, ya kunna wutar wasan a tsaunukan Alps. Amma mutanen can jinin tseren siki ne, sai suka fi karkata ga dogon allo siriri mai tauri, da takalmin roba mai ƙarfi, wanda aka yi don gudu da yankan kwana kawai. Zuwa 1990 an riga an sami gidaje uku: na tsere, na tsalle da juyi, da na gangaren daji mai zurfin dusa. Daga nan tambayar mai saye ta tashi daga tsawo kaɗai ta koma ina za ka hau, kuma me za ka yi a can.

Akwai mutanen da duk wannan ci gaba ya manta da su. An yi shekaru ana ƙera alluna da awon namiji matashi, mata kuma suna hawa abin da suka samu, mai faɗi fiye da ƙafarsu, mai tauri fiye da nauyinsu. Allon da ya fi ƙafa faɗi yana da wuyar karkatawa, don yatsu da diddige ba sa kaiwa bakin da za su danna. Sai a 1994 ne aka fitar da alluna da sunayen mata, na Shannon Dunn a kamfanin Sims da na Tina Basich a Kemper. Kasuwa ta karɓe su, masana'antu suka gane cewa akwai masu saye da aka daɗe ana bari a waje. Shekaru huɗu bayan haka Dunn ta ci tagulla a gasar Olamfik.

Masu manyan ƙafafu su ma suna da nasu kukan. Tunda a karkace ake tsayawa, tsawon takalmi yana kwance ne a kan faɗin allo. In takalmin ya zarce da yawa, da an karkata sai yatsu ko diddige su tokari ƙasa, ƙarfen ya ɗaga, mutum ya sha ƙasa. Wannan ya haifar da alluna masu faɗin ƙugu, daga santimita 26 zuwa sama, alhali na maza na yau da kullum yakan tsaya wajen 25. Mai sa takalmi lamba 45 ko fiye, can ne wurinsa.

Nagano, da waɗanda suka juya baya

A 1998 wasan ya shiga gasar Olamfik ta hunturu a Nagano ta Japan, da tsere da kuma rabin bututu. Ross Rebagliati na Kanada ya ci zinaren farko a tsere, aka ƙwace saboda an ga alamar wiwi a gwajinsa, aka kuma mayar masa bayan ɗaukaka ƙara. Amma wanda mutane da yawa ke ɗauka gwanin gwanaye a lokacin, Terje Haakonsen na Norway, bai je ba. Ya ƙaurace ne saboda kwamitin Olamfik ya miƙa ragamar wasan ga hukumar siki ta duniya, ya tsallake ƙungiyar da masu allo suka kafa da kansu. A ganinsa, waɗanda suka yi shekaru suna korarsu ne aka naɗa musu sarakai.

Tun kafin shi, Craig Kelly, wanda ya lashe kambin duniya sau huɗu, ya ajiye gasa a farkon shekarun 1990 yana kan ganiyarsa, ya koma hawan duwatsun daji inda babu kujera babu 'yan kallo. A can ya rasu a watan Janairun 2003, lokacin da dusar ƙanƙara ta zaftare kusa da Revelstoke ta Kanada. Irin su Kelly ne suka tunatar da masana'antu cewa allon da aka gyara don daskararriyar hanya ya manta da dusa mai zurfi da aka haife shi a cikinta. A lokacin, maganin nutsewa ɗaya ne aka sani: ƙara tsawo. Mutum ya sayi zungureren allo, ya jingina da ƙafar baya har cinya ta ɗauki zafi.

A farkon shekarun 2000 Burton ya fitar da wani allo mai suna Fish, wanda John Gerndt ya tsara tare da Haakonsen. Hancinsa ya fi wutsiyarsa faɗi sosai, an ja maɗauran baya, kuma ana hawan sa gajere fiye da yadda aka saba. Tunanin Milovich ne na shekarun 1970 ya dawo da sabuwar riga. A Japan ma, Taro Tamai ya kafa Gentemstick a 1998, yana ƙera alluna a Niseko ta tsibirin Hokkaido da siffofin hawan igiyar ruwa, a lokacin da duniya ke rububin tagwaye.

Sai kuma aka taɓa doron kansa. Ɗan wasan siki Shane McConkey ya lura cewa dusa mai zurfi ta fi kama da ruwa, ya sa aka ƙera masa siki mai lanƙwasa irin ta cikin kwale-kwale a 2002. Bayan 'yan shekaru kamfanin Lib Tech na jihar Washington ya fitar da Skate Banana, allon da tsakiyarsa ke ƙasa, gaba da baya a ɗage, kamar ayaba a kan faranti. Don ya maye riƙon da ya rasa, aka yi masa baki mai tudu da kwari irin na wuƙar yankan burodi. Masu koyo suka ji daɗinsa, domin wuraren nan biyu da ke kama ƙasa ba zato su kifar da mutum sun tashi daga ƙasa. Kasuwa ta ruɗe, kowa ya koma ayaba. Da aka kwana biyu aka ga ba ta riƙe ƙanƙara mai tauri kamar doro, sai aka fara haɗa su: doro a ƙarƙashin ƙafafu, ɗagawa a hanci, ko akasin haka. Abin da zai ba mu dariya shi ne, allunan farkon shekarun 1980 da yawa dama ba su da doro. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

A tsakiyar shekarun 2010 aka buga wa awon haɓa ƙusa ta ƙarshe. Alluna irin su Warpig na kamfanin Ride da Orca na Lib Tech sun rage tsawo sun ƙara faɗi, ta yadda shimfiɗar da ke taɓa dusa ba ta ragu ba. Ana hawan su da ragin santimita da dama daga abin da mutum ya saba. Ƙato zai iya tsayawa da allon da bai wuce masa ƙirji ba, kuma shi ne daidai da shi.

Abin da tarihin ya bar wa mai zaɓe

In muka tattara, tambayoyin suna da jeri, kuma kowace tana da shekarunta.

Ta farko nauyi ce, gadon shekarun 1980. Allunan manya galibi suna tsakanin santimita 140 da 165, kuma kowane samfuri yana da jadawalin nauyin da ya dace da kowane tsawo. Jadawalin wannan samfurin ake dubawa, domin 155 na wani allo ba 155 na wani ba ne. Mai koyo ya fi samun sauƙi a gajeren ɓangaren abin da nauyinsa ya ba shi dama, mai son gudu kuma a dogon ɓangaren.

Ta biyu faɗi ce, gadon shekarun 1990. Takalmi ake fara saya kafin allo. In an ɗora shi, ya kamata ya ɗan leƙo gaba da baya da santimita ɗaya ko biyu. In ya wuce haka zai tokari ƙasa, in bai kai baki ba allon zai yi nauyin juyawa.

Ta uku siffa ce, gadon maza ukun nan. Mai tsalle da juyi jikan Sims ne, tagwaye zai nema. Mai dusa mai zurfi jikan Milovich ne, zai nemi faffaɗan hanci, siririyar wutsiya, da maɗauran da aka ja baya. Mai bin hanyar da aka share, wadda take tauri da safe, jikan Burton ne, doro da bakin ƙarfe mai tsawo su ne abokansa. Wanda zai yi kaɗan daga kowanne, akwai allon tsaka-tsaki, mai kama da tagwaye amma hancinsa ya ɗan fi.

Ta huɗu tauri ce. Mai laushi yana yafe kuskure, mai tauri yana riƙe gudu amma ba ya yafiya. Kuskuren da aka fi yi shi ne mai koyo ya sayi allon gwani don sha'awar sunan da ke jiki, ko iyaye su saya wa yaro babba don ya girma a ciki. Dabarar nan tana aiki a rigar sallah, amma a kan dutse yaron da ba zai iya juya allonsa ba ba zai iya tsayar da shi ba.

Rigimar da ta sa allon ya ɗauki ƙarfe ta lafa, ko da yake ba ta mutu ba. A 2018 Ester Ledecká ta Jamhuriyar Czech ta ci zinare a siki ta kuma ci a allo, a gasar Olamfik guda. Duk da haka wurare uku a Amurka har yanzu ba sa barin masu allo: Alta da Deer Valley a Utah, da Mad River Glen a Vermont. Wasu masu allo sun kai Alta kotu a 2014, suka sha kaye, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2016. Jihohin nan biyu kuwa su ne na Milovich da Burton.

Yanzu damuwar ta koma kan ita kanta dusar. Jeremy Jones, ɗaya daga cikin manyan masu hawan daji, ya kafa ƙungiyar Protect Our Winters a 2007 bayan ya ga hunturu yana gajarcewa a wuraren da ya sani. Allon da ya fi tallatawa shi ne mai rabewa biyu, wanda ake hawa dutse da shi a ƙafa kamar siki, in an kai sama a haɗe shi a gangaro. Siki biyu da aka haɗe suka zama faifai ɗaya, kamar dai na ranar Kirsimetin 1965.

Tom Sims ya rasu a 2012. Sherman Poppen, wanda bai koyi hawan allon zamani ba sai da ya haura sittin, ya rasu a watan Yulin 2019, Jake Burton ya bi shi a Nuwamban shekarar. Allon farko da Poppen ya haɗa wa 'ya'yansa yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington. In aka tsayar da shi a gaban babban mutum, ko kusa da haɓa ba zai kai ba.